Za mu yanka gonar gado fuloti-fuloti: takardar dagaci ta wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Igabi. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona wajen hekta 3, gefenta na gabas fadama ce, ga kuma burtali ya ratsa ta baya. Gari ya fara matso mu, dillalai kullum suna sallama. 'Yan'uwana sun ce a ja igiya a yanka fuloti, dagaci ya sa hannu, kowa ya kama rabonsa. Hankalina bai kwanta ba. Me doka ta ce, kuma me kake ba mu shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Rashin kwanciyar hankalin nan naka yana kan hanya.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha amana a hannun gwamna. Inda aka ayyana a matsayin birni, shi ke bayarwa kai tsaye. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da haƙƙin zama na gargajiya, har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, abin da ya haura sai da amincewar gwamna. Gonar da aka gada tun kafin 1978 ana nomanta, doka ta bar ta a hannun masu ita ko babu takarda. Sai dai sashe na 36, wanda ya ba ku wannan kariya, shi ne kuma ya hana a yayyanka irin wannan gona a mai da ta fulotai. Dagaci mutum ne mai daraja, shi ya san iyakar kowa, kuma shaidarsa tana da amfani ranar da rigima ta tashi. Amma sa hannunsa shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, ba izinin mai da gona unguwa ba ne. Rajistar filaye a Kaduna tana hannun KADGIS, hukumar taswira da takardun filaye ta jiha, tsarin gini kuma na KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha. Ku fara zuwa can ku tambaya ko yankinku ya riga ya shiga cikin iyakar birni, ko gwamnati ta shata wani abu a wurin, domin ƙauyuka da yawa na gefen Kaduna suna cikin taswirar birni alhali mazaunansu ba su sani ba.

Abin da ya fi damuna ba takardar ba ce, shi awon igiyar ne. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, idan aka jera ba tare da barin komai ba, hekta ɗaya tana cin 21. In aka fitar da hanya da kwata yadda ya kamata, sai ya sauko wajen 15. Wannan shidan da ke tsakani su dillali yake hange, shi ya sa za ka ji yana cewa lungu ƙafa goma ma ya isa. Na sha shiga irin waɗannan unguwanni bayan shekara goma da yanka su. Mota ba ta shiga, in an yi rasuwa sai an karkata makara kafin a fita da ita, ruwan wankan wannan gida yana kwance a ƙofar wancan. Babu filin makaranta, babu inda za a kafa taransifoma, maƙabarta ta cika kuma ba a bar mata wurin faɗaɗawa ba. Gyaran wannan sai da rusau, kuma wanda ya sayi fulotin da guminsa shi ke kwana a ciki.

Fadamar nan kuwa ina roƙonku ku cire ta daga lissafi. A watan Maris za ka gan ta a bushe, ƙasa ta tsage, mai saye ya ɗauka tudu ne. Ruwan Agusta da Satumba bai manta hanyarsa ba. Ban da haka ita ce mafi albarka a gonar: shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani, ga kasuwar gari ta matso kusa.

Burtali ma ba naku ba ne da za ku sayar, ko da ya yi shekaru shanu ba su bi ba. Tun 1965 Arewa take da dokar keɓe wuraren kiwo, irin su Ladduga a Kachia, kuma ta irin wannan burtali dabbobi ke kaiwa can da zuwa mashaya. Ranar da aka toshe shi da bulo, garke zai faɗa gonar maƙwabci, ku kuma kun san abin da ke biyo baya a jiharmu.

Ga yadda zan yi da ni ne. A fara raba gado a gaban alƙali ko malami, a rubuta. A kira safiyo mai rajista ya auna gonar gaba ɗaya ya kafa duwatsun iyaka. Sannan ku zauna da dagaci da masu gonakin da ke kewaye da ku, domin hanyar da ta mutu a bakin gonarka ba hanya ba ce. Ku yarda a kan inda babban titi zai bi, inda ruwa zai sauka, da abin da kowa zai bayar na makaranta da maƙabarta. Wannan zanen za ku kai a amince da shi kafin a karɓi ko sisin kowa.

Ka kuma gaya wa 'yan'uwanka wannan: in gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kansa ce, wato gini, shuka da itatuwan amfani, ba ta ƙasar kanta ba. Don haka mangwaro da ɗorawar da mahaifinku ya bari, ku ƙirga su, ku sa safiyo ya nuna su a taswira.