Tambaya da Amsa: Farmakin shiyya zai tare mana masu gudu da ƙwallo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Ohayo ta Amurka, kuma bana aka ɗauke ni mataimakin koci a makarantar sakandaren da ɗana yake buga zari-rugar Amurka. Damuwarmu ɗaya ce: abokan karawarmu ba su cika jefa ƙwallo ba, miƙa wa mai gudu kawai suke yi, ya yi ta ratsa mu, yadi 5, yadi 6, har su kai gida. Babban koci ya ce in nemo mafita. Na ga ana tallar wani kundin bidiyo a intanet mai koyar da dabarar nan da ake kira zon bilis, har kala 40. Iyaye sun tara mana dala 300. In saya? Kuma dabarar tana tare gudu kuwa, ko don mai jifa kaɗai aka yi ta?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya taya ka riƙo. Dabarar tana tare gudu, amma kada ka sayi kundin nan bana. Ka yi mini haƙuri in ɗan koma baya saboda masu karatu da ba su saba da wasan ba.

Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Masu ƙwallo suna da dama 4 su ci yadi 10, in sun ci a sabunta musu. A gabansu ƙatti biyar ne jere, aikinsu su buɗe wa mai gudu hanya, su kuma kare mai jifa, wato kwatabak. Tsakanin kowane ƙato da na kusa da shi akwai kafa, kuma kociyoyi sun raɗa wa kafofin nan suna da haruffa: biyun da ke gefen ƙaton tsakiya su ne A, sai B, sai C, har D idan an ƙara mutum na shida a gefe. Duk ilimin tare gudu a kan kafofin nan ya rataya, kowacce a ba ta mai ita. Mai gudu ba ya son bi ta jikin mutum. Da an miƙa masa ƙwallo idonsa na neman kafar da aka bari ba kowa.

Shi kuwa zon bilis, wanda zan riƙa kira farmakin shiyya, wayo ne na musanya. A da, idan masu tsaro suka tura ƙarin mutane su afka wa kwatabak, dole na baya kowa ya bi mutuminsa ƙafa da ƙafa. Ɗaya ya zame, an ci ku. Dick LeBeau, wanda ya buga wa Detroit Lions shekara 14 kafin ya koma koyarwa, ya yi ta neman yadda zai matsa wa mai jifa ba tare da ya bar bayansa a buɗe ba, lokacin yana kula da tsaron Cincinnati Bengals a shekarun 1980. Ya nemi shawarar Bill Arnsparger, mutumin da ya gina tsaron Miami Dolphins na 1972, shekarar da ba a doke su ko sau ɗaya ba. Tsarin da ya fi shahara daga wannan tunani shi ne mutum 5 su afka, 3 su tsare shiyyoyin kusa, 3 su raba bayan fili gida uku. Waɗanda za su afka kuma ba su ne aka zata ba: lainbaka biyu, wato masu tsaron da ke tsayawa bayan layin gaba, su taso daga gefe ɗaya, wani daga 'yan layin gaba na ɗaya gefen ya ja da baya ya tsare shiyya.

Ka ga ke nan gaskiyarka, don mai jifa aka fara ƙera ta. Amma a Pittsburgh Steelers, inda LeBeau ya jagoranci tsaro a 1995 da 1996, ya kuma dawo daga 2004 zuwa 2014, an ga ɗaya fuskarta. A kakar 2010 ƙasa da yadi 63 ake ci musu ta gudu a kowane wasa, babu ƙungiyar da ta kamo su a NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, a shekarar.

Yadda take aiki a kan gudu kuwa, ka tsaya a matsayin ƙaton da ke tare hanya. Kafin a ɗaga ƙwallo ya riga ya ƙirga: wannan nawa ne, wancan na maƙwabcina. Ana ɗagawa sai wanda ya ɗauka nasa ne ya karkata, ya tsallaka gabansa zuwa wata kafar, wani kuma da ba ya cikin lissafi ya faɗo a guje ta inda na farkon ya bari. Daƙiƙa ɗaya ta ruɗewa ta isa. Wannan karkatar da layin gaba ke yi ita ce ainihin maganin gudu, kuma ita ce ribar ƙungiyar da yaranta ba su kai na abokan karawa nauyi ba, domin yaron da ba zai iya ture ƙato ƙirji da ƙirji ba yana iya riga shi shiga kafa. Ga wata riba: tun da mutum uku ne kaɗai ke tsare nesa, sefti ɗaya, cikin masu tsaron can baya, ya samu 'yancin saukowa kusa da layi, kun zama ku takwas a inda ake gumurzu.

Sai dai ka riƙe wannan da kyau, don a nan ƙungiyoyin sakandare suke faɗuwa. Farmakin bai rage yawan kafofi ba. Masu su kawai ya sauya. Idan yara biyu suka haɗu a kafa ɗaya, to wata tana can a buɗe, kuma mai gudu zai same ta. Na taɓa tsayawa bakin fili a wani wasan daren Juma'a na ga haka da idona. Yaron da aka ba aikin ja da baya, dogo ne mai himma, ana ɗaga ƙwallo ya juya ya nufi shiyyarsa kamar yadda aka zana masa a takarda, bai ko dubi ƙaton da ke gabansa ba. Mai gudu ya fara zuwa dama, ya ga cunkoso, ya dasa ƙafa ya yanko hagu, daidai wurin da yaron nan ya bari. Ya ci yadi kusan 40 babu wanda ya taɓa shi. Yaron ya dawo benci yana huci, ya cire hula yana cewa ai abin da aka ce ya yi ke nan. Gaskiyarsa. Ba a koya masa cewa kafarsa tana nan a wuyansa ba har sai ya tabbatar jifa za a yi. Alamar kuma a jikin ƙaton gabansa take: in hularsa ta yi ƙasa ya yunƙuro gaba, gudu ne, ka tsaya ka riƙe gefenka, in ya miƙe yana ja da baya, jifa ce, sai ka tafi shiyyarka.

Haɗari na biyu shi ne karkata ta inda abokin karawa yake so. Akwai ƙungiyoyin da ƙattinsu ba sa bin wani mutum takamaimai, duka biyar suke takawa gefe ɗaya tare su kwashe duk wanda ya faɗo gabansu. Da irin wannan tsarin ne Denver Broncos, ƙarƙashin Mike Shanahan da kocin layinsu Alex Gibbs, suka buɗe wa Terrell Davis hanya ya ci yadi 2,008 a 1998. In kun karkata gefen da suke takawa, kun taimake su, za su wanke ku gaba ɗaya mai gudu ya yanko baya. Sai na uku: mai afkawa daga gefe ya yi zurfi da yawa cikin gidansu. Ƙato ɗaya ya zagayo ya ture shi waje, ƙofa ta buɗe a bayansa. Ku koya masa ya matse kusa da layi da zarar ya ga ba jifa ba ce.

To daga wane gefe za ku kawo farmakin? A nan filinku ya ba ku sauƙi. A sakandaren Ohayo layukan da ake ajiye ƙwallo a kansu sun raba faɗin fili gida uku daidai, saɓanin NFL inda tsakaninsu ƙafa 18 da rabi ne kacal. Saboda haka in ƙwallo tana kan layin hagu, kashi biyu cikin uku na fili yana dama, kuma ƙungiyoyi da yawa can suke son gudu. Kada ka ɗauki maganata a kan haka, ka ƙirga a bidiyon wasanninsu: sau nawa suka bi gefe mai faɗi, sau nawa suka bi gefen da suka ƙara mutum na shida.

Kafin duk wannan ma, ga aikin dare ɗaya. Ɗauko bidiyon wasanninku biyu na baya. Duk gudun da ya wuce yadi 5 ka tsayar, ka rubuta ɗayan biyu: kafa ce aka bari, ko yaro ya isa wurin ya kasa kayar da mutum? In na biyun ya fi yawa, babu zanen da zai cece ku, kayarwa za ku koma koyarwa. LeBeau ma a Steelers ƙwararrun 'yan wasa gare shi: Casey Hampton a tsakiya, wanda sau da yawa sai mutum biyu suke iya riƙe shi, ga James Farrior a bayansa, ga Troy Polamalu.

Kuɗin iyaye kuwa, ga inda zan sa su da ni ne. Manyan bokitan shara biyar na roba, ku jera su a matsayin ƙattin gaba, yara su yi ta taka kafofinsu a hankali kullum minti 10 har ƙafa ta haddace. Kociyoyi da yawa da su suke aiki. Doguwar sandar ɗora waya, a kafa ta bayan masu tsaro, domin bidiyon gefen fili ba ya nuna kafofi, na baya ne ke nuna su. Sai ɗamarar hannu mai aljihun takarda ga kowane yaro, ya duba aikinsa da kansa. Farmaki ɗaya ku koya, daga dama da daga hagu, ku kira shi a damar farko da ta biyu, lokacin da kuka fi zaton gudu. Kala 40 na masu yini a fili ne, ku kuwa awa biyu kuke da su bayan an tashi makaranta. In ɗayan nan ya zauna, baɗi ka sake rubuto mini mu yi maganar kundin.

Tambaya: Malam, ɗana shekararsa 14, lainbaka ne, muna birnin Niyok. Kocinsu yana yawan tura shi farmaki, ni kuma gabana faɗuwa yake yi. Wata maƙwabciya za ta sayar mini da hular kwanon ɗanta da araha. In karɓa?

Amsa: Hajiya, faɗuwar gabanki tana kan hanya, kuma kin yi daidai da kika tambaya. Ki fara zuwa wajen kocin, domin yawancin makarantu su ke ba da hula, wasu ma ba sa yarda a shigo da ta gida. In dole sai kin saya, ki juya hular ki duba abu biyu: hatimin NOCSAE, hukumar da ke gindaya ƙa'idar kayan kariya, da shekarar da aka ƙera ta. Masu sabunta huluna a Amurka ba sa karɓar wadda ta kai shekara 10. Hular da ba ki san tarihinta ba, ba a kuma sake gwada ta ba, ki bar wa mai ita cikin mutunci. Jami'ar Virginia Tech tana gwada huluna tana ba su taurari, biyar ne ƙololuwa, kuma jerin yana intanet kyauta, har da na yara. Sannan a gwada masa a kansa: in kin kama hular kin juya ta, fatar goshinsa ta bi ta, kada hular ta yi yawo ita kaɗai.

Ba zan ɓoye miki ba, babu hular da ke hana girgizar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Ki je atisaye ko sau ɗaya ki ga yadda ake koya musu kayarwa. Kai a ɗage, a gefen jikin mutum, kafaɗa ce ke bugu. In kin ga yana shiga da kai a sunkuye, ki yi magana a ranar. In kuma ya dawo gida da ciwon kai ko jiri bayan an buge shi, kada ya koma fili sai likita ya duba shi.

Tambaya: Yallaɓai, ni a Kano nake, Madden, wasan bidiyo na zari-rugar Amurka, muke bugawa a shagon gem. Abokina gudu kawai yake yi yana cinye ni. In sayi sabon fitowa ko zai fi?

Amsa: Ƙanina, ajiye kuɗinka, wanda kake da shi ya isa. Shiga sashen atisaye, ka zaɓi tsarin da za ka ga jajayen kibau 5 da shuɗayen shiyyoyi 3 a baya, ka sa kwamfuta ta yi ta maimaita gudun da abokinka ya fi so. Kai ka riƙe lainbakan tsakiya, kada ka ruga da an ɗaga ƙwallo. Jira mai gudu ya zaɓi kafa tukuna ka same shi a ciki. In kana son ganin ruɗin da musanyar nan ke jefa mai jifa, nemi bidiyon Super Bowl na Fabrairun 2009 tsakanin Steelers da Arizona Cardinals, daƙiƙun ƙarshe kafin hutun rabin lokaci. James Harrison, lainbakan Steelers mai lamba 92, ya tsaya kamar zai afka, sai ya ja da baya, Kurt Warner, kwatabak ɗin Cardinals, ya jefa masa ƙwallo a hannu, ya gudu da ita yadi 100. Ka kalla sau biyu, a na biyun kada ka bi ƙwallo, ka zuba ido a kan mai lamba 92 tun kafin a ɗaga ta.