Amsa ga 'yar'uwar da maigidanta ya dawo daga aikin wanzar da zaman lafiya

Hajiya, kin ce tun da maigidanki ya dawo ba ya barci, yana firgita cikin dare, dangi kuma sun dage sammu ne. Ni tsohon soja ne, na yi Darfur, ina zaune nan Jos wajen Rukuba. Ciwo ne, kuma a abin da na gani, kwamandoji ya fi ci.

Ki ɗauki Janar Romeo Dallaire, ɗan Kanada da ya riƙe rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Ruwanda. Ranar 11 ga Janairun 1994 ya aika wa hedikwata cewa ana tara makamai don a gama da 'yan ƙabilar Tutsi, zai je ya kwaso su. Ofishin da Kofi Annan ke shugabanta ya hana shi. Da kisa ya ɓarke a Afrilu aka kashe sojojin Beljiyam 10, Beljiyam ta janye nata, Kwamitin Sulhu kuma ya zaftare rundunar daga kusan 2,500 zuwa 270. Sojojin Ghana dai sun tsaya, a yaba musu. Cikin kwana 100 aka hallaka mutum kusan 800,000, mai bindiga a hannu yana kallo. A 2000 aka sallami Dallaire daga aikin soja saboda rashin lafiya, aka kuma tsince shi a wani lambun shaƙatawa bai san inda kansa yake ba, ya haɗa giya da magunguna.

Kurtu zai ce oda na bi, ya ɗan samu sauƙi. Kwamanda kuwa shi ke riƙe da rediyo, da bakinsa ya ce wa yaransa kada kowa ya motsa, alhali yana jin ihun ƙauyen. Wani ogana da muka dawo tare ya daina cin gasasshen nama, kuma ba ya zama ya juya wa ƙofa baya, ko a masallaci ne.

Kada ki tsare maigidanki da tambayar me ya gani. A ci gaba da addu'a, amma ki nemo wanda suka yi aikin tare ya raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, akwai sashensu a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Soja ya fi jin maganar soja. In kuwa ya fara zancen gara ya mutu, ko akwai makami a gidan, yau za ki kira 'yan'uwansa, kada ki bari ya kwana shi kaɗai.