Robb Stark ko Tywin Lannister, wa ya fi iya yaƙi?

Malam, ka tambayi wanda ya fi iya jan runduna tsakanin waɗannan abokan gaba biyun a littattafan George R. R. Martin. In dai fagen daga ne, Robb ne gaba, bai taɓa shan kashi ba. Da ya isa gadar gidan Frey, sai ya raba rundunarsa biyu. Dakarun ƙasa suka bi Roose Bolton, ɗaya daga cikin hakimansa, don ɗauke hankalin Tywin, shi kuma ya zabura da mahaya dawakai, ya yi wa Jaime, ɗan Tywin, kwanton ɓauna cikin daji da dare, ya kama shi da ransa, ya fasa ƙawanyar da aka yi wa Riverrun, fadar dangin mahaifiyarsa.

Tywin kuwa ba ya gaggawa. Yakan tsaya baya da dakarun ko-ta-kwana har ya ga inda yaƙi ya karkata. Amma makaminsa na gaske zinariya ce da wasiƙa.

Wajen riƙe abokan ƙawance Robb ya yi sake: ya saɓa alkawarin auren 'yar Frey, ya sare kan hakiminsa Rickard Karstark, ya rasa mayaƙan gidajen biyu. Tywin ko takobi bai zare ba, ya haɗa baki da Frey da Bolton ta wasiƙa, aka kashe Robb a wurin biki.