Ku Tambaya Mu Amsa: Me ke cikin kiɗan Air da ke sa jiki ya saki?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da na ambaci ƙungiyar Air ta Faransa a filin nan saƙonni ke ta shigowa a kanta, shi ya sa na ware wannan fitowar gaba ɗaya don su. Waɗanda suka turo tambaya kan wani abu daban ku yi haƙuri, ba a manta da ku ba.

TAMBAYA: Salam Yaya, dan Allah ina da tambaya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, in na taso daga aikin dare wlh ba na iya jin komai mai ƙara, ko waƙoƙin fim ɗin da nake mutuwar so ba na iya ji a lokacin. Ƙanena ne ya tura min wani faifai na wasu turawa wai su Air, sunansa Moon Safari, tun daga nan shi nake sawa in na dawo, alhali ba wani gane abin da suke cewa nake ba, wasu ma babu magana a ciki sam. Menene a cikinsa da yake sa jikina ya saki haka? Ko dai sabo ne kawai?
Daga wata 'yar'uwa a Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka muku da alheri kan wannan aiki da kuke yi, mutane na barci ku kuna tsaye a kan marasa lafiya. Sabo yana da nasa kaso, amma ba shi kaɗai ba ne, kiɗan nan da gangan aka gina shi a haka.

Su biyu ne, Nicolas Godin da Jean-Benoît Dunckel, 'yan garin Versailles da ke kusa da Paris, sun fara a 1995, faifan da kike ji kuma ya fito a watan Janairun 1998. A lokacin abin da ake yayi a Faransa kiɗan rawa ne mai bugun ƙirji, shekara ɗaya kafin nan wata ƙungiyar Faransa mai suna Daft Punk suka fitar da faifansu na farko duniya ta ɗauka, to su waɗannan sai suka juya baya suka yi abin da ba a rawa da shi, na zama ne ko kwanciya. Godin zanen gine-gine ya karanta, Dunckel kuma lissafi, kuma ni dai a kunnena ina jin maginin nan a cikin kiɗan, don in kin sa shi ji za ki yi kamar kin shigo zauren ƙasa mai sanyi daga tsakiyar ranar bazara, ba wanda ya ce miki ki zauna amma sai kin nemi wuri.

Ki sake sa na farkon faifan ki saurara da kyau, wanda ya haura minti 7 ɗin nan. Da ƙarar ruwa yake farawa, sai 'yan ganguna na hannu a hankali, sai jitar bes ta shigo da wani zagaye da take ta maimaitawa ba ta gajiya, sannan fiyano ya zo ya hau kai. Ki lura ba abin da ya faɗo miki ba zato, kowane sauti sai ya yi sallama kafin ya shigo, kuma in ya shigo ba ya ture na gabansa. To kin ga ke kin kwana kunnenki a buɗe, na'ura ta yi ƙara ki zabura, mai jinya ya ƙwala kira ki zabura, ƙwaƙwalwa ta wuni ta kwana tana jiran abin da zai faru, sai ga kiɗan da tun a minti na farko ta gane inda ya dosa, ba sai ta yi gadi ba. Maimaicin nan da wasu ke cewa gundura ce, a wurinki shi ne hutun.

Sai saurinsa. Zuciyar babban mutum in yana hutawa tana bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti, kiɗan rawa na kulob yawanci yana kai bugu 120 ko fiye, wato kullum yana gaban zuciyarki yana janta, shi kuwa mafi yawan faifan nan tafiyarsa a ƙasa da haka take, ba ya sa ki haki.

Batun rashin gane magana kuma, wallahi ni a ganina riba ce gare ki. Waƙoƙinmu na Hausa magana ce ginshiƙinsu, baiti kan baiti, ga habaici ga kirari ga amshi, dole ki bi da hankalinki in ba haka ba an bar ki a baya, kuma wannan shi ne daɗinsu, ba abin da zai maye shi. Amma wanda ya gaji da jin maganar mutane ba ya buƙatar ƙarin magana. A faifan nan murya ma kayan kiɗa ce kawai, ko waƙoƙi biyun da Beth Hirsch ta rera, wata Ba'amurkiya da ke zaune a Paris a lokacin, a hankali take yi ba ta ɗaga murya, ba ta neman ki tafa mata. Ki ci gaba da jin abinki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da ɗan situdiyo, fiyano Yamaha gare ni da kwamfuta, na yi ta ƙoƙarin in fitar da irin sautin mutanen nan amma nawa sai ya fito a bushe yana sukar kunne. Sannan muryar nan tasu mai kama da ta mutum-mutumi ba Auto-Tune ba ne irin wanda muke sawa? Abokina ya ce duk kwamfuta ce ke yi ba wani iyawa.
Daga wani mai haɗa kiɗa a Jos

AMSA: Yawwa maigida, ka gaya wa abokinka ya sake saurare. Abin da ya sa nake son Air kenan ma, ana ce musu masu kiɗan lantarki amma hannu ne ke kaɗa kusan komai, kuma da tsofaffin kaya na shekarun 1970 da a lokacin mutane suka yi watsi da su suna rububin sababbi.

Ɗauki fiyanon Fender Rhodes da suke yawan amfani da shi. In ka danna maɓalli wata 'yar guduma ce a ciki take bugun siririn ƙarfe, ƙarfen ya yi ta rawa, sai wani maganaɗisu irin na jitar lantarki ya ɗauki rawar ya mai da ita sauti. In ka danna a hankali sai ya ba ka amo mai zagaye mai taushi, in ka buga da ƙarfi sai ya ɗan yi gurnani, kenan yatsanka ne ke magana, kuma ba danna biyu da za su fito iri ɗaya. Ga Minimoog, wata na'urar haɗa sauti mai maɓallai irin na fiyano da ta fito a 1970, shi sauti ɗaya tak yake iya fitarwa a lokaci guda, ba ka isa ka danna uku tare ba, kuma in ya ɗau zafi sautinsa kan ɗan kauce kaɗan. Ga Solina da ke kwaikwayon tarin goge, ita ce ke ba da shimfiɗar nan da kake ji a baya. Ɗan kaucewar nan da rashin daidaiton nan su ne abin da kunne ke ji a matsayin ɗumi. Kwamfuta kuwa in ka ƙyale ta komai sai ta jera shi cif a kan layi, bugu na ɗari daidai yake da na farko, shi ne bushewar da kake ji.

Muryar kuma ba Auto-Tune ba ne, vocoder ake ce wa na'urar kuma aikinsu daban. Auto-Tune da ya fito a 1997 muryarka yake kamawa ya ja ta zuwa sautin da ya dace, in an matsa shi da yawa sai ya ba da karkarwar nan da muka saba ji a waƙoƙin nanaye. Vocoder kuwa tun shekarun 1930 wani injiniya Homer Dudley ya ƙirƙiro shi a Bell Labs na Amurka don harkar tarho, shi siffar maganarka kawai yake ɗauka, yadda baki ke buɗewa da rufewa, ya ɗora a kan sautin fiyano, wato fiyanon ne ke rerawa da bakinka. Shi ya sa ba ya tsinin nan.

Ba sai ka sayi waɗannan kaya ba, tsadarsu yanzu ba a magana, akwai kwaikwayonsu a manhajoji har da na kyauta. Abin da zan ce ka gwada, ka kaɗa da hannunka ka bar shi yadda ya fito kar ka bari kwamfuta ta gyara maka lokaci, ka rage sautukan sama masu tsini, ka samo mai jitar bes na gaske in da hali don a kiɗan Air bes ɗin ne ke jan ragama ba ganga ba, sannan abin da ya fi wuya, ka cire. Mu a situdiyoyinmu muna jin tsoron fili, in an ga daƙiƙa biyu ba komai sai a cusa sarewa ko tafi ko a kira sunan situdiyo. In ka gama haɗawa ka kashe layi uku ka ji ko waƙar ta mutu, sau da yawa za ka tarar sai a lokacin ta fara numfashi.

TAMBAYA: Gaskiya ni ban ga abin yayatawa ba, kiɗan turawa ne na masu sanyin jiki, mu me ya haɗa mu da shi? Ba gara ku yi mana bayanin namu ba?
Daga wani mai karatu a Maraɗi

AMSA: Ɗan'uwa ra'ayinka ne kuma ba dole kowa ya so ba, amma tunda daga Nijar kake bari in tuna maka da Mamman Sani. A 1978, shekara 20 cif kafin Moon Safari, ya shiga situdiyon gidan rediyon ƙasa a Yamai da organ ɗinsa na lantarki ƙirar Italiya ya naɗi kiɗa mai sanyi mai maimaici, da yawa daga karin waƙoƙin gargajiyar ƙasar ya ɗauko su, kuma an daɗe ana sa kiɗansa a tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin na Nijar, ina kyautata zaton ka sha jinsa ba ka san mai shi ba. A 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi, turawan da ke son su Air ɗin suka dinga saye. To ka ga kiɗan lantarki mai kwantar da hankali ba baƙo ba ne a wurinku, kuna da naku tun kafin a san da su.

Su ma Air ɗin da suka tsara wa mawaƙiya Charlotte Gainsbourg kiɗan faifanta na 2006, cikin waɗanda suka kaɗa ganga har da Tony Allen, ɗan Legas ɗin nan makaɗin Fela, wanda ya rasu a Paris a 2020. Mutumin da ya saba da kiɗan da ke tada matattu, amma ka ji yadda ya sassauta hannu a can. Sanyin kiɗa ba sanyin jiki ba ne, riƙe hannu ya fi sakinsa wuya. Batun namu kuma na karɓa, Mamman Sani ya cancanci fili nasa shi kaɗai, in sha Allah za mu yi.

TAMBAYA: Yaya na gama da Moon Safari, wanne zan bi da shi? Kuma ni da iyafis nake kwana a kunne har safe, akwai matsala?
Daga wata ɗaliba a Zariya

AMSA: Ki nemi Talkie Walkie na 2004, shi ya fi kusa da abin da kike so, sai Pocket Symphony na 2007 wanda saboda shi Godin ya zauna ya koyi kaɗa koto da shamisen, kayan kiɗan Japan masu tsirkiya, za ki ji su a ciki. Na 2001 ɗin, 10 000 Hz Legend, ki bar shi tukuna, yana da duhu da nauyi, masoyansu da yawa ma ba su ji daɗinsa ba da ya fito, ni ina ganin ƙimarsa amma ba na lokacin barci ba ne. Kuma har yanzu suna nan, a 2024 sun zagaya ƙasashe suna kaɗa Moon Safari daga farko har ƙarshe, sun kuma fito a bikin rufe gasar Olympics ta Paris tare da ƙungiyar Phoenix, 'yan garinsu na Versailles.

Iyafis kuwa dan Allah ki daina kwana da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da kunnen babba zai ɗauka lafiya shi ne desibel 80 (ma'aunin ƙarfin ƙara kenan) na awa 40 a mako, in ƙarar ta ƙaru lokacin raguwa yake sosai, kuma kiɗa mai sanyi yana da yaudara, don ba ya damunki sai ki yi ta ƙara murya musamman in janareton maƙwabta na aiki ko fanka na ƙara. Ga toshe kunne dare guda cikin zafi yana tara danshi da dauɗa. Ki sa a sifikar waya ko ƙaramar sifika can gefe, murya ƙasa-ƙasa, ki saita ya kashe kansa bayan minti 30 ko 45, yawancin manhajojin kiɗa suna da wurin saita hakan, faifan ma duka bai kai minti 45 ba. In kuma kin ga makonni suna wucewa barci ba ya zuwa sai da kiɗa, ko da shi ɗin ma ba ya zuwa, ko kunnen ya fara yi miki ƙara shi kaɗai, ki je asibitin makaranta a duba ki, kar ki tsaya jiran hutu.