Inshorar jakar hannu da kayan cikinta

'Yar'uwa, kin tambaya ko ana yi wa jakar hannu inshora har da waya da kuɗi da sarƙar da ke ciki. Ana yi, amma ba kasafai ake sayar da ita ita kaɗai ba. Yawanci ƙari ne a kan inshorar kayan gida, mai bin kayanki idan kin fita da su. In babu ƙarin nan, sau da yawa kariyar a bakin ƙofa take tsayawa.

Inda ake tuntuɓe shi ne iyakar biya. Kowane abu yana da adadin da kamfani ba zai wuce ba, don haka jaka mai tsada ko zinare sai an rubuta su da sunansu da ƙimarsu. Tsabar kuɗi kuwa ɗan kaɗan suke mayarwa. Akwai kuma kason da ke kanki a kowace asara.

Lokacin da aka fizge tawa, rasit na cikin jakar (ga wauta!), sai da na yi ta zarya. Ki ɗauki hoton rasit da kayan tun yanzu. Ki danna *#06# ki rubuta lambar IMEI, wato lambar shaida ta wayarki, ki ajiye a gida.

Jakar da aka bari a kan kujerar mota kowa na gani, da wuya su biya, sakaci za su kira shi. In an yi sata, ki rufe katin banki nan take, ki karɓo rahoton 'yan sanda.

Kafin ki sa hannu, ki nemi dillalin inshora mai rajista ya fayyace miki ko farashin sabo suke biya ko na wanda aka mora.