Shawarar Lauya: Kududdufin gonata ya haɗa ni da maƙwabci da makiyaya

Tambaya:

Assalamu alaikum Barista, dan Allah a taimaka min da shawara. Ina da gona a bayan garinmu nan ƙasar Haɗeja, gado ce daga mahaifinmu kuma an raba ta faɗo a kasona. A ƙasan gonar akwai kududdufi, asalinsa ramin da baba ya haƙi ƙasar gini ne tun muna yara, ruwa yana kwanciya a ciki har wajen watan Maris. Bara na ɗauko katafila aka yashe shi aka ƙara masa zurfi, ƙasar da aka fitar aka jibge ta a gaɓa, na zuba tarwada na kewaye wajen da ƙaya. Toh yanzu Arɗo ya kai ƙarata wajen dagaci wai na toshe musu mashaya, sannan a watan Agusta gaɓar ta ɓalle ruwa ya shiga gonar maƙwabcina ya kwantar masa da dawa, yana cewa sai na biya, ni kuma nace ruwan sama ne daga Allah. Ga yara kullum suna tsallake shingen suna wanka. Mene ne matsayina a doka?

Amsa:

Wa alaikumussalam Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku. Zan faɗa maka gaskiya yadda take, a maganar makiyaya kana da ƙarfi sosai, a maganar maƙwabcinka kuma ba ka da shi, sannan abin da ka sa a ƙarshen wasiƙarka wato yaran nan shi ne ya fi tayar min da hankali.

Mu fara da gonar kanta. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke kula da su. Sashe na 36 ya ce wanda yake riƙe da gona yana nomanta kafin dokar ta zo, ana ɗaukarsa kamar an ba shi izinin zama na gargajiya ko da babu takarda ko ɗaya a hannunsa, kuma wannan haƙƙin ana gadonsa. Kaga kenan ramin da babanku ya haƙa a cikin iyakar gonarsa yana bin gonar ne, ba ya zama na gari dan kawai ruwa ya taru a ciki. Duk da haka inda hali ka je sakatariyar ƙaramar hukuma sashen filaye ka nemi takarda da sunanka, a kawo safiyo ya auna ya nuna kududdufin a cikin zanen, ka haɗa da takardar rabon gado ka ajiye waje guda.

Arɗo zai iya cewa ai ruwa na kowa ne, kuma ba daga sama ya ɗauko maganar ba. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta ba kowa damar ɗibar ruwa kyauta dan amfanin gida ko shayar da dabbobi, amma daga ruwan da jama'a ke da hanyar zuwa a sake, irin kogi ko rafi. Kududdufin da aka haƙa da hannu a tsakiyar gonar mutum ba ya cikin wannan. A fiƙihun Malikiyya ma da kotunanmu ke aiki da shi, mai rijiya ko matarar ruwa a cikin mulkinsa yana da ikon hanawa har ma ya sayar, sai dai in an kai ga ana tsoron halaka saboda ƙishirwa, a nan kam dole ya bayar. Zai yiwu kuma a ɗauko maka maganar hauzi, wato mallakar waje saboda daɗewa ana riƙe da shi, cewa sun fi shekara 10 suna shayarwa kuna gani ba ku hana ba. Hauzi yana buƙatar mutum ya riƙe wajen yana yin abin da mai abu ke yi, noma ko gini ko makamancinsu, wanda aka bari ya shayar saboda alheri bai zama mai waje ba.

Sai dai kafin ka daki ƙirji a gaban dagaci ka binciki abu ɗaya, shin ƙayar da ka sa ta ci burtali? Ko kuwa akwai wani lokaci da hukuma ta ayyana wajen a matsayin mashaya? Tun 1965 akwai dokar keɓe makiyaya a Arewa, kuma burtali ba na mai gona ba ne ko da babansa ya daɗe yana nome shi. In shingenka ya shiga burtali ko da taku biyar ne, janye shi da kanka tun kafin a sa ka, domin wannan kaɗai zai iya juya shari'ar gaba ɗaya. A Jigawa akwai hukumar da ke sasanta manoma da makiyaya, su ma za su iya gaya maka inda burtalin ya bi.

Ni shawarata a nan, duk da doka na bayanka, kada ka rufe ruf. Mutanen da suka shekara da shekaru suna shan ruwa a waje ka wayi gari ka datse a tsakiyar rani, ko ka ci shari'a ba za ka yi barci da ido biyu a rufe ba. Abin da na ga yana aiki shi ne a gina kwami a wajen shinge, a ja ruwa da injin ban ruwa a zuba, shanu su sha ba tare da sun shiga sun tattake gaɓa sun dama laka kifi ya wahala ba. A zauna da Arɗo da dagaci a rubuta lokacin shayarwa, da wanda zai sayi mai, kuma a rubuta ƙarara cewa wannan izini ne daga gare ka ba haƙƙi ba ne. Wannan layin ɗaya shi zai kare ƴaƴanka nan gaba. In kuma shanu suka karya shinge suka yi ɓarna, ɗauki hoto da waya, kira shaidu, kai ƙara. Kada ka sari dabba, kada ka sa guba, yin haka laifi ne a Penal Code, wato dokar hukunta laifuka, kuma kai mai gaskiya sai ka koma wanda ake tuhuma.

Toh sai maƙwabcinka. Na san ka yarda har zuciyarka cewa ruwan sama ne, amma kotu ba haka za ta kalla ba. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da muka gada daga Ingila, shari'ar Rylands da Fletcher ta 1868, inda wani ya gina matarar ruwa a filinsa ruwan ya ɓalle ya cika ramin haƙar kwal na maƙwabcinsa, aka ce wanda ya tara abin da zai yi ɓarna in ya kuɓuce, shi zai ɗauki asarar ko da bai yi sakaci ba. Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yi aiki da ita a 1975 a shari'ar Umudje da kamfanin Shell-BP, inda dattin mai da aka tara a rami ya malala ya kashe wa mutane kifi a tafkunansu. Da ace kududdufin yana nan yadda baba ya bar shi, ruwa ya cika ya bi kwarin da ya saba bi, da sai in ce kana da abin faɗa. Amma kai ka ƙara zurfi, kai ka ɗaga gaɓa da ƙasar da ba a daddaɓe ba, kuma daga bayaninka ban ga inda ka bar wa ruwa mafita ba. Ruwan Agusta a ƙasar Haɗeja kuwa ba baƙon abu ba ne da za a ce ba wanda ya zata. Ko gaban alƙalin shari'ar Musulunci aka je, hadisin nan na ba cuta ba cutarwa shi za a fara karanta maka.

Dan haka kada ka bari a je kotu kan wannan. Ka samu malamin gona da dattijai biyu su je su ga iya inda ruwan ya kwantar, a ƙiyasta buhu nawa wajen ya saba bayarwa, a cire abin da ya tashi daga baya domin dawa wani lokaci takan miƙe, ku daidaita ko kuɗi ko hatsi da kaka. A rubuta, a sa hannu gaban mai unguwa, a ce wannan biyan ya rufe maganar ɓarnar bana gaba ɗaya. In ya ƙi ya ce sai kotu, toh zai iya zuwa kotun shari'a ta yankinku ko babbar kotun jiha, kuma bayan diyya zai iya roƙon a tilasta maka gyara ko a hana ka tara ruwan, wanda wannan ya fi biyan buhu biyu ko uku ciwo nesa ba kusa ba.

Kuma biyan bana ba zai hana na baɗi ba in ba ka gyara ba. Kafin damina ta faɗi a daddaɓe gaɓar, a kwantar da ita kada ta tsaya tsaye kamar katanga, a dasa ciyawa mai riƙe ƙasa, a yanke magudana ko a sa kwalbati ta ɓangaren da ruwa ke bi tun asali, a sa raga a bakin dan kada tarwada ta bi. Ranar da za ka canza ruwan kifi kada ka sake shi gonar wani ko kusa da rijiyar da ake sha, duba-gari na da ikon ba ka takardar gargaɗi kan wari da sauro. In kuma masu tifa suka zo suna son sayen yashi ko jar ƙasar wajen ka dakata tukuna, haƙa dan sayarwa yana ƙarƙashin dokar ma'adinai ta tarayya ta 2007 kuma sai da lasisi.

Yaran nan kuwa Malam, dan Allah gobe ma kada ta yi ba ka ɗauki mataki ba. Sun saba da kududdufin da ruwansa ke tsaya musu a ƙugu, ba su san katafila ta shiga ba, yaro zai taka inda ya saba takawa ya ji babu ƙasa, ga laka mai riƙe ƙafa. Wani zai ce maka ai akwai hadisin da ya ce wanda ya faɗa rijiya babu diyya, haka ne kuma malamai sun ɗauke shi a kan wanda ya haƙa a cikin mulkinsa inda ya halatta, amma kai yanzu ka san yara na shiga kullum, ka rubuto min da hannunka. Doka ba ta ɗaukar ƙaramin yaro kamar babban da ya tsallaka shinge da saninsa, tana duba me mai wajen ya yi bayan ya san da haɗarin. Ka canza ƙayar nan da waya mai ƙarfi da ƙofa mai kwaɗo, ka kwantar da gefe ɗaya yadda wanda ya faɗa zai iya fitowa, ka ajiye doguwar gora da igiya a bakin ruwa. Ka roƙi mai unguwa a yi shela, liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, ka bi gidajen da ke kusa da malaman makarantar allo ka gaya musu baki da baki cewa ruwan ya fi ƙarfin yaro yanzu, ga kuma tsargiya da wankan kududdufi ke jawowa. Ka rubuta ranar da aka yi shelar da sunayen waɗanda suka ji ka ajiye tare da takardun gonar, in kuma da yadda za a yi a samu mai gadi daga hantsi zuwa la'asar a watannin zafi, a samu.