Amsa ga Kawu game da Yankin Yammacin Gana

Kawu, ka tambaye ni ko gwamna ne yake mulkinmu a Takoradi kamar yadda ake yi a Kano, da kuma yadda aka yi Bahaushe ya samu wurin zama a bakin teku.

Gana ba tarayya ba ce, saboda haka Yankin Yamma, wanda hedikwatarsa take Sakandi-Takoradi, ba shi da zaɓaɓɓen gwamna. Shugaban ƙasa ne yake naɗa ministan yanki, shi ne kuma yake gabatar da shugaban kowace gunduma, majalisar gundumar ta amince da shi. Yankin ya yi iyaka da Kodebuwa ta yamma, inda manyan motoci suke tsallakawa ta Elubo, kuma a 2019 aka yanke arewacinsa aka yi sabon yanki. Ruwan sama kuwa, musamman wajen Axim, yakan sauka a damina biyu kowace shekara, har tufafi su yi fumfuna a cikin akwati.

Arzikin wurin shi ya jawo kakanninmu. Zinariyar Tarkwa ce ta sa aka shimfiɗa layin dogo daga Sakandi, ya isa can a 1901, sannan aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928. Duk inda ma'aikata suka taru kuwa, sai an nemi mahauci da mai tsire da ɗan koli, ta haka zanguna, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi, suka kafu. Yanzu ga koko da roba, ga man fetur da aka gano a cikin teku a 2007 aka fara haƙowa a 2010, ko da yake a ganina kuɗin haya ya fi ɗagawa fiye da samar wa yaranmu aiki. Masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba kuma sun mayar da kogunan Pra da Ankobra ruwan laka.

Abin da ya kamata ka gane shi ne filayen yankin suna hannun sarakunan ƙabilun Ahanta da Nzema da Wassa. Sarkin Zango yana sasanta rikicin aure da gado, yana tsaya mana a gaban hukuma, amma ba ya raba fili. Wanda zai gina gida ko masallaci sai ya je fadar mai ƙasa tare da dattawa, ya yi gaisuwa yadda al'adarsu ta tanada, kafin ya nufi ofishin filaye ya yi rajista.